Malamin Lesin da Manhajar da Ke Gane Inda Yaro Ya Tsaya: Yadda Ake Farawa

Bayan sallar la'asar, in ka ratsa lungunan Nima a Akra, ko Aboabo a Kumasi, ko zangon Kwatano, da wuya ka rasa wani zaure ko bayan shago da aka jera benci uku, yara na zaune da littattafai, malamin lesin na tsaye gaban allo. Yaran ba su wuce 15 ba, amma in ka bi tarihin karatunsu sai ka tarar kowa da hanyar da ya biyo. Wannan ya yi firamare a Kano, ya zo Kumasi yana ƙaramar sakandare. Waccan ta fara da Faransanci a Maraɗi, aka mayar da ita makarantar Turanci da harkar mahaifinta ta koma Gana. Wancan kuma ya yi wata huɗu bai shiga aji ba, don an je gida biki aka zarce har bayan Babbar Sallah. Duk jarrabawa ɗaya ke jiransu, malami kuma ɗaya ne.

Wannan matsala 'ya'yan fatake sun fi kowa saninta. Yaro ba daƙiƙi ba ne, sai dai karatunsa akwai ramuka a ciki, kuma ramin kowa daban. In malami ya koma baya don ya ja na ƙarshe, na gaba ya gaji ya fara wasa. In ya bi na gaba, na baya ya yi shiru yana gyaɗa kai alhali ba abin da ya gane. Uba kuwa yana kasuwa yana biyan kuɗin lesin duk wata, ba ya sanin gaskiyar lamarin sai ranar da sakamako ya fito, lokacin da an riga an yi asarar shekara.

Shi ya sa malaman lesin suka fara waiwayar wasu manhajoji na waya da kwamfuta waɗanda ke shirya ɗalibi don jarrabawa, suna ba kowane yaro tambayoyi daidai ƙarfinsa. Abin yana da amfani, amma ga wanda ya san yadda ake shigarsa. Wanda ya shiga da ka, sai dai ya ƙone datar iyaye a banza.

Yaya manhajar ke aiki?

Ɗan kasuwa ba ya buƙatar dogon bayani a nan, don kullum yana yin irin wannan a ciniki. Mai saye ya taya ƙasa, ka ce albarka. Ya ƙara, ka rage, har ku haɗu a farashin da kaya ya cancanta. Manhajar ma haka take yi da yaro. Za ta jefa masa tambaya matsakaiciya. In ya ci, ta kawo wadda ta fi wuya. In ya faɗi, ta sauko. Bayan tambayoyi masu ɗan yawa sai ta kusa gano iyakar saninsa a wannan fanni, ta riƙa ba shi aiki a daidai wurin.

Tana iya yin haka ne saboda kowace tambaya da ke cikinta an riga an auna nauyinta, gwargwadon yadda ɗimbin ɗalibai suka amsa ta a baya. Tambayar da kusan kowa ke ci mai sauƙi ce, wadda ƙalilan ke ci mai nauyi ce. Manhajoji masu kyau kuma suna da taswirar darussa, sun san wane darasi ne ke ƙarƙashin wane. Yaron da ke faɗuwa a aljabara, sau da yawa matsalarsa tana can baya a lissafin ɓarin lamba, irin su rabi da kwata da sulusi. Manhaja mai kyau za ta mayar da shi can ya toshe ramin kafin ya ci gaba.

Ba sabon abu ba ne a duniyar jarrabawa. GMAT, wadda ake yi don shiga karatun kasuwanci mai zurfi, ta daɗe tana canza nauyin tambaya bisa amsar da mutum ya bayar. SAT ta Amurka ma ta koma kwamfuta a 2023 ga masu rubutawa a wajen ƙasar, kuma kashi na biyu na kowane fanni yana zuwa ne gwargwadon yadda ɗalibi ya yi a kashin farko.

Mu kuwa ai mun san wannan tsari tun a makarantar allo. Kowane almajiri da allonsa, kowa da inda ya tsaya, kuma malam ba ya ba da izinin wanke allo sai karatu ya zauna. Ga tishi, wato komawa baya a maimaita abin da aka wuce don kada ya zube. Wani masani ɗan Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya nuna tun 1885 cewa mantuwa ta fi sauri a farkon lokaci bayan koyo, kuma maimaitawa jefi-jefi na rage ta. Yawancin manhajojin nan kan haka suka gina: tambayar da yaro ya faɗi yau za ta dawo masa bayan kwana kaɗan, in ya ci ta ƙara nisa kafin ta sake dawowa.

Tambayar farko: wace jarrabawa yaron zai yi?

Kafin malami ya sauke komai a waya, sai ya zauna da uban kowane yaro a tsayar da magana ɗaya: a ina yaron nan zai rubuta jarrabawa, kuma wacce? A gidajen fatake wannan ba ƙaramar tambaya ba ce, don sau da yawa uba bai yanke shawarar ko yaron zai ci gaba a nan ko za a mayar da shi gida ba.

Wanda ke Gana yana aji uku na ƙaramar sakandare, BECE ce a gabansa, kuma da sakamakonta kwamfuta ke raba ɗalibai zuwa manyan sakandare. Wanda ke gama babbar sakandare a Gana ko Najeriya ko Saliyo ko Laberiya ko Gambiya, jarrabawar hukumar WAEC zai yi, inda maki ke tashi daga A1 zuwa F9. Mai son jami'a a Najeriya yana buƙatar kiredit biyar, har da Turanci da lissafi a yawancin kwasa-kwasai, sannan ya yi jarrabawar JAMB. A Benin da Togo da Nijar da Kwaddibuwa kuma, BEPC da Bakaloriya ake yi, da Faransanci, ana ba da maki bisa 20. Kamaru tana da tsari biyu, na Faransanci da na Turanci, wanda hukumar GCE da ke Buea ke kula da shi.

Kowacce da irin shirin da take so. JAMB tun 2015 gaba ɗaya a kwamfuta ake yinta. Darussa huɗu ne, Turanci dole, tambayoyi 180 cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun, jimillar maki 400. In ka raba, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. Duka zaɓi ne tsakanin A, B, C da D, don haka manhaja na da babban amfani a nan. WAEC kuwa, ban da tambayoyin zaɓi, akwai takardar rubutu da ta gwajin kimiyya. BEPC da Bakaloriya galibi rubutu ne da bayanin yadda aka kai ga amsa. A waɗannan, manhaja za ta taimaka wajen gano rauni da yawan atisaye, amma biro da takarda na nan daram.

Ga masu niyyar JAMB daga waje, hukumar kan buɗe cibiyoyi a wasu biranen ƙetare, irin su Akra da Kwatano da Abijan da Buea da Jidda. Tun 2021 kuma ta sa lambar ɗan ƙasa ta NIN cikin sharuɗɗan rajista. Malami ya tunatar da iyaye wannan tun watanni kafin a buɗe rajista, ya kuma duba sanarwar shekarar a shafin hukumar da kansa, kada ya dogara da abin da ake yaɗawa a WhatsApp.

Ƙidayar wayoyi kafin zaɓen manhaja

Abu na biyu, malami ya ɗauki takarda ya rubuta sunan kowane yaro, da wayar da zai iya samu, da lokacin da take samuwa. Za ka tarar wasu na da tasu, wasu sai ta uwa da dare, wasu kuma wayar gidan ita ce wayar shago, da ita ake karɓar kuɗin ciniki, ba ta barin hannun uba sai bayan isha'i. Ka tambayi wane ne ke sayen data, ka tambayi yanayin wuta da caji. Wannan takarda ita za ta gaya maka irin manhajar da za ta yi aiki a ajinka.

In wayoyi sun yi kaɗan, a yi karɓa-karɓa: rabin aji na kan waya, rabi na gaban allo da malami, bayan minti 30 a yi musanya. In data ce matsalar, akwai Kolibri, manhajar kyauta da ƙungiyar Learning Equality ta yi don wuraren da ba intanet. Ana zuba darussa sau ɗaya a kwamfutar tafi-da-gidanka, sauran wayoyi su haɗu da ita a cikin ɗaki ba tare da data ba, malami kuma yana ganin aikin kowa. Ba ta kai wasu iya canza nauyin tambaya da kanta ba, amma tana riƙe yaro a kan atisaye har ya nuna ya iya.

Khan Academy ma kyauta ce, tana da ƙarfi a lissafi da kimiyya, tana da sashen malami, kuma akwai ta da Faransanci, abin da zai amfani yaran Kwatano da Lome da Duwala. Sai dai ba bisa silabas ɗin WAEC ko JAMB aka tsara ta ba, don haka malami ne zai zaɓo darussan da suka dace ya ɗora wa yara. Sannan akwai manhajoji na kuɗi masu tarin tsoffin tambayoyin JAMB da WAEC da BECE. A cikinsu akwai nagari, akwai na bogi.

Ga yadda za ka rarrabe. Ka buɗe manhajar a matsayin ɗalibi, ka yi kwana uku kana amfani da ita. Ranar farko ka amsa tambayoyi 20 ba daidai ba da gangan, ka gani ko za ta sauko da kai ko za ta ci gaba da jero tambayoyi yadda ta ga dama. Da yawa na tallan cewa suna bin ƙarfin yaro, alhali kundin tsoffin tambayoyi ne kawai aka zuba a waya. Ka duba ko tana bayanin dalilin amsa, ko harafi kawai take nunawa. Ka ɗauki tambayoyi 10 a fannin da ka fi ƙwarewa ka tantance amsoshinta, don wasu na ɗauke da kurakurai. Ka kuma duba ko ta zamani ce. JAMB na canza littafin adabin da ake tambaya a kansa a Turanci lokaci-lokaci, Gana kuma ta fara BECE bisa sabon tsarin karatu a 2024. Manhajar da ba a sabunta ba za ta shirya yaro ne don jarrabawar da ta riga ta wuce.

Kada ka biya kuɗin shekara tun farko. Wata ɗaya ya isa gwaji.

Buɗe aji da gwajin farko

Yawancin manhajojin tsarinsu kusan ɗaya ne. Malami ya yi rajista a matsayin malami, ya buɗe aji ya sa masa suna, manhaja ta ba shi lambar aji, yara su shiga da lambar. Wasu kan nemi izinin iyaye ga yaron da bai kai shekara 13 ba, ko malami ya buɗe masa asusu da kansa. Ka nemi yardar iyaye kafin ka shigar da bayanan yaro, kuma kada ka ba manhaja abin da ba ta buƙata. Atisaye ba ya buƙatar lambar NIN ko hoton fasfo. Sunan shiga da kalmar sirrin kowa ka rubuta a littafi guda ka adana, don wallahi kafin mako ya zagayo rabin aji sun manta nasu.

Doka mafi girma ita ce kowane yaro da asusunsa. A gidan da yara uku ke amfani da waya ɗaya, in aka bar asusu ɗaya a buɗe, wa ya amsa, ƙani ya amsa, manhaja za ta haɗa su ta auna mutumin da babu shi. Daga nan sai ta riƙa ba ƙanin abin da ya fi ƙarfinsa, ta ba wan abin da ya raina. Kamar a ɗora buhun mutum biyu a sikeli ɗaya ne a ce za a san na kowa. Ka koya musu fita daga asusu in sun gama.

Gwajin farko, wanda manhaja ke auna matsayin yaro da shi, a gabanka za a yi shi, kada a kai gida. Ka gaya wa yara a fili cewa ba maki a ciki, ba duka, ba wanda za a kai ƙara. Wanda bai san amsa ba kada ya leƙi na kusa. Yaron da ya yi satar amsa a wannan gwaji kansa ya cuta, don manhaja za ta ɗauke shi gwani ta hau jibga masa abin da ba zai iya ba.

Akwai abin da malamai kan manta: hannu. Yaron da ya ƙware a shafa waya ba lallai ya taɓa zama gaban kwamfuta ba. A JAMB ana iya amsawa da 'yan maɓallai kaɗan, A, B, C, D don zaɓen amsa, N don zuwa gaba, P don komawa baya, S don miƙawa, kuma na'urar lissafi a jikin allon kwamfutar take. Ko da kuɗin haya ne a shagon kwamfuta, a tabbata yaro ya zauna gaban na'ura ta gaske sau da dama kafin ranar. Hukumar ma kan shirya jarrabawar gwaji kafin ta ainihi, wanda ya samu dama ya yi ta.

Karanta rahoto da idon malami

Bayan mako guda, shafin malami zai cika da lambobi da launuka. Sabon shiga kan rikice a nan. Abubuwa uku sun isa a farko.

Na ɗaya, kada ka gwada yara da kason amsoshin da suka ci. A irin wannan manhaja, mai ƙoƙari na samun tambayoyi masu wuya, don haka yana iya cin 60 cikin 100, mai rauni kuma ya ci 80 a tambayoyi masu sauƙi. In ka karanta lambobin a gaban aji ka yabi na biyu ka zagi na farko, ka yi zalunci. Abin dubawa shi ne matakin da yaro yake, da ko yana hawa. Ka bayyana wa masu ƙoƙari wannan tun da wuri, don yaron da ya saba cinye komai yakan karaya in ya ga yana faɗuwa.

Na biyu, ka dubi lokaci. Yaron da ya amsa tambayoyi 30 cikin minti biyu canki-canka yake yi. Wanda manhaja ta nuna ya yi awa biyu a tambayoyi biyar, ya bar waya a buɗe ne ya tafi aike.

Na uku, ka nemi darasin da yara da yawa suka faɗi a kansa. Shi ne darasinka na gobe a gaban allo. In mutum tara cikin 15 sun kasa lissafin kaso cikin ɗari, ka ajiye wayoyi ka koyar da shi, da misalin riba da faɗuwa da canjin sidi zuwa naira ko sefa, abin da suke ji kullum a shago. Sauran shidan su ci gaba da nasu.

Manhaja na iya nuna cewa yaro ya faɗi, amma dalilin faɗuwar sai malami. Ga 'ya'yanmu, sau da yawa dalilin harshe ne. Yarinyar da ta yi shekara shida tana lissafi da Faransanci ta san aikin sarai, kalmomin Turancin tambayar ne suka tsaya mata. Har rubutun lamba ya bambanta: a tsarin Faransanci waƙafi ake sawa inda tsarin Turanci ke sa ɗigo, wato 2,5 a can shi ne 2.5 a nan. Manhaja za ta ɗauka yarinyar ba ta iya lissafi ba, ta mayar da ita aikin 'yan firamare, ita kuma ranta ya ɓaci. Ka zauna da ita, ka karanta mata tambayar da Hausa. In ta amsa nan take, ka san Turanci za ka ƙarfafa mata.

Tsarin mako

Tsarin da ke ɗorewa shi ne mai sauƙi. Minti 20 zuwa 30 kullum sun fi awa uku ranar Lahadi kaɗai, don tsarin maimaitawar manhajar da kullum-kullum yake aiki. Kowane yaro ya riƙe littafin kuskure: duk tambayar da ya faɗi ya rubuta ta da hannu, da amsar daidai, da dalili a jimla ɗaya. Malami ya duba littafin sau ɗaya a mako. Lissafi kuma a takarda za a warware shi kafin a taɓa waya.

Sannan a tuna cewa JAMB da WAEC ba sa sauko wa kowa. Tambayoyin da aka tanada su ne, ko ka iya ko ba ka iya ba, agogo na tafiya. Yaron da ya saba manhaja na lallaba shi zai sha mamaki ranar. Don haka duk mako biyu a yi cikakken gwaji da agogo, ba tsayawa, ba duba bayani, da tambayoyi masu kowane irin nauyi. In jarrabawa ta rage wata biyu, a mayar da shi duk mako. A nan yaro ke koyon tsallake tambayar da ta ƙi ya dawo mata daga baya.

Jadawalin ya yi la'akari da rayuwar gidajenmu. Yara maza na tsaron shago ranakun kasuwa, 'yan mata na aikin gida da yamma, ga Islamiyya, ga azumi in ya zo. Malami ya duba rahoto da kyau: in ya ga 'yan mata ne ke da ƙarancin mintuna, yawanci waya ce ba ta isa hannunsu, ko aiki ya yi musu yawa. Wannan magana ce da za a yi da uwa da uba cikin girmamawa. Wani alherin manhaja ga matafiya kuma shi ne, in an tafi gida Sakkwato ko Damagaram wata guda, asusun yaro na tafe da shi, malami na ganin aikinsa daga nesa.

Maganar kuɗi da amana

Malami ya fayyace wa iyaye tun farko nawa ne kuɗin lesin, nawa ne na manhaja in ta kuɗi ce, nawa ne na data. In manhajar kyauta ce ya faɗa. Ranar da uba ya gano ana karɓar kuɗin abin da ba a biya, amana ta tafi, kuma labari ba ya kwana a zango. Kada malami ya yi alkawarin maki. Wasu manhajoji kan nuna hasashen makin da yaro zai samu, wannan ƙiyasi ne kawai, kada a kai wa uba shi kamar sakamako.

A yi hattara da masu tallan cewa suna da tambayoyin jarrabawar bana, ko za su ƙara wa yaro maki bayan an gama. Damfara ce, kuma yaron da aka kama da satar jarrabawa hukuma na iya soke sakamakonsa. Duk manhajar da ta zo da irin wannan talla a goge ta.

Ku kuma iyaye, Alhaji da Hajiya, ba sai kun iya Turanci ko Faransanci za ku sa ido ba. Ku ware wa yaro rabin awa da waya a lokaci sananne, a tsakar gida ko a shago inda ido ke kaiwa, don wayar da ke da darasi ita ce ke da TikTok. Ku hana yayye amsa wa ƙanne. Duk ƙarshen wata ku ce malami ya nuna muku shafin ɗanku, ku yi masa tambaya uku: a ina yaron ya fara, ina ya kai yanzu, mene ne ke ba shi wuya? Malamin da ke aikinsa zai amsa cikin minti biyar, har ya ji daɗin an tambaye shi. In malami ya koma gefe yana danna tasa wayar ya bar yara da manhaja, to kuɗin lesin na tafiya a banza.

Ga malamin da ke son farawa, shawara ita ce ya fara da kaɗan: darasi ɗaya, kamar lissafi, yara biyar ko shida, wata guda. A ƙarshen watan ya sake yi musu gwaji da takarda irin wanda ya yi a farko, ya kwatanta. In an samu ci gaba ya ƙara yara ya ƙara darasi. In ba a samu ba ya binciki dalili, ko manhajar ce, ko waya ba ta samuwa, ko harshe ne, kafin ya nemi iyaye su sake fitar da ko sisi. Allah ya ba yaranmu sa'a, ya sa wa malamansu albarka.